Manyan taurari masu yawan litiyam

Manyan taurari masu yawan litiyam rukuni ne na tsofaffin taurari da ake samun sinadarin litiyam a samansu fiye da yadda lissafin masana ya nuna. Ba su wuce ɗaya cikin 100 na jajayen manyan taurari ba.

Litiyam ba ya jure zafi, yana kaiwa inda zafi ya kai digiri miliyan 2.5 sai ya lalace. Idan tauraro irin Rana ya cinye haidirojin ɗin tsakiyarsa, ya kumbura ya yi ja, iskar samansa takan gauraya da ta ciki kamar an tuƙa tukunya tun daga gindi, ɗan litiyam ɗin da ya rage ya tsinke. Shi ya sa aka yi mamaki a 1982, lokacin da masana taurari George Wallerstein da Chris Sneden suka tarar da tauraron HD 112127 maƙare da shi. Ana gane litiyam ne ta wani siririn layi mai duhu a jan ɓangaren hasken tauraro, wajen nanomita 670.8 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne).

Bayanin da ya fi karɓuwa kan asalin wannan litiyam shi ne na masana Cameron da Fowler na 1971: hiliyam-3 da hiliyam-4 su haɗu a can ciki su ba da beriliyam-7, a yi maza a ɗago shi zuwa inda zafi ya ragu, a can ya rikiɗe ya zama litiyam-7. Gardamar tana kan abin da ke ɗagowar. Wasu sun ce tauraron ne ya haɗiye wata duniya da ke kewaya shi, sai dai wannan ba zai biya yawan da ake gani a irin TYC 429-2097-1 ba, wanda madubin hangen nesa na LAMOST a ƙasar Sin ya gano, aka bayyana a 2018. Binciken baya-bayan nan ya nuna mafi yawan taurarin masu yawan litiyam sun riga sun fara ƙona hiliyam a tsakiyarsu.

Masana sun kuma nemi bakin zaren a saman fuskar tauraro, inda akwai wani shimfiɗi na iska mai zafi da ake kira kuromosfiya. Ana auna tashin hankalinsa da layukan kalsiyam da kuma layin hiliyam na nanomita 1083, wanda zafin fuskar jan tauraro kaɗai ba ya isa ya fito da shi. A 2022 Sneden da abokan aikinsa suka duba taurari kusan 300 da madubin hangen nesa na Hobby-Eberly a jihar Texas ta Amurka. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ƙarancin litiyam layin nasu rarrauna ne, amma fiye da rabin masu yawansa layin ya fito da ƙarfi. Da yawa cikin masu yawan litiyam ɗin kuma suna juyawa da sauri, abin da ba a saba gani ga tauraron da ya kumbura haka ba, don haka ake zargin hannun wani tauraro abokin tafiya, ko yana nan har yanzu ko an riga an haɗiye shi.