Waiwaye: Yadda tukunyar makaranta ta rabu da gonar ƙauye

Tun kafin gwamnati ta san da wani shirin ciyar da ɗalibai, tsangayu a ƙasar Kano da Haɗeja da Gumel sun haɗa karatu da noma. Da damina almajirai su taya malam shuka da noma, da kaka a cika rumbu da gero da dawa, sannan karatu ya yi ƙarfi da rani. Allo ne yake bin lokacin gona. Da boko ta zo, sai ta zo da nata jadawalin, kuma daga nan matsalar ta samo asali.

A 1976 gwamnatin Obasanjo ta soja ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta, wato UPE, da kuma shirin ciyar da ƙasa na OFN. A zamanin makarantu da yawa suna da gonarsu, har da ƙungiyar matasa manoma. Sannu a hankali aka gina azuzuwa a wasu gonakin, wasu aka yanka su filaye, fartanya kuma ta koma abin horon wanda ya makara. Makarantun kwana suka dogara ga 'yan kwangila, wanda duk ya ci gabza ya san sauran labarin.

Kano ta riga jihohi da yawa shiga harkar ciyarwa a firamare, a mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na 1999 zuwa 2003, ta hannun kwamitocin wayar da kan al'umma, wato CRC, na ƙananan hukumomi. A 2005 gwamnatin tarayya ta gwada shirin ciyarwa da amfanin gida a jihohi 12 da Abuja, Kano na ciki, amma bai yi nisa ba a yawancinsu. Sai 2016 gwamnatin Buhari ta farfaɗo da shi: abinci sau ɗaya a rana ga 'yan aji 1 zuwa 3, a kan naira 70 kowane yaro, a tura wa mai dafawa kuɗin ta asusun banki. Daga baya aka ce an mai da shi naira 100. A Janairun 2024 Shugaba Tinubu ya dakatar da shirye-shiryen hukumar tallafa wa jama'a ta ƙasa, wato NSIPA, har da ciyarwar.

A takarda, manomin ƙauye ne zai sayar wa mai dafawa. A aikace abin bai cika faruwa ba, kuma lissafi kaɗan zai nuna dalili. A ɗauki mace mai ciyar da yara 100. In kowane yaro zai ci giram 100 na shinkafa, kullum tana buƙatar kilo 10, kimanin tiya huɗu. Buhu mai kilo 100 zai kai ta kwana goma na makaranta, zango guda kuma ya ci wajen buhu shida. Naira 7,000 take samu a rana a farashin farko, a ciki za ta sayi wake da manja da kayan miya da itace, ta kuma fitar da ladanta. A lokacin shirin kuma, kuɗin na 'yan kwanaki ake biya, sau da yawa a makare. Wadda ke cikin wannan hali ba za ta iya zuwa Kura ko Haɗeja da kaka ta sayi buhu shida da araha ba. Awo za ta riƙa yi a wurin mai shago, wani lokaci bashi, har cikin bazara da damina lokacin da hatsi ya fi tsada. Da ƙwai ɗaya ya haura naira 100 kuwa, zancen ya ƙare.

Shi ma manomin yana da nasa uzurin. Yana son kuɗi hannu ranar kasuwa, a Gujungu ko Maigatari ko wurin masu kai kaya Dawanau, ba zai ba da kaya ya jira Abuja ba.

Gonar makaranta ma jadawalin ne yake kashe ta. Ana shuka a Yuni ko farkon Yuli, a yi dogon hutu a ƙarshen Yuli, daidai lokacin maimai da zuba taki, a dawo a Satumba a tarar ciyawa ta cinye. Shi ya sa lambun rani ya fi dacewa da makarantar da ke da rijiyar burtsatse, in dai an yi shinge mai ƙarfi, domin da an kwashe amfanin gona ake sakin awaki. Alayyafo yana isa yanka cikin wata guda, kuɓewa cikin kimanin wata biyu, zogale kuma a jera shi a jikin shinge. Kada a yaudari kai: irin wannan lambu miya yake bayarwa, ba tuwo ba. Babban amfaninsa a aji yake. A ba yara ƙwayar wake 100 su naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan mako guda su ƙirga waɗanda suka tsiro, sun koyi kashi cikin ɗari da gwajin iri a lokaci ɗaya. Auna fangali mai mita 1 da mita 3 kuma darasin faɗin fili ne.

Hatsin kuwa daga manoma zai fito, kuma sai an saki kuɗin zango gaba ɗaya tsakanin Oktoba da Disamba, kwamitin makaranta ya saya daga ƙungiyar manoman garin. Daga nan sai ajiya, inda aka fi yin asara. A busar da wake har ya riƙa fashewa in an ciza, a zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Rashin iska ke kashe ƙwarin, ba sai an zuba maganin da zai koma cikin yara ba. A ɗora buhunan kan katako nesa da bango saboda danshi da ɓera, domin huda ɗaya ta isa ta ɓata buhu. Masara da gyaɗar da suka yi hunhuna kuwa ba a karɓarsu ko da kyauta ne, gubarsu ba ta mutuwa a tukunya.