Me ake nufi da "tsara cikin gida"?

Da an ce dekorasiyo a Damagaram, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne labule mai ƙyalli, fitilu kala-kala a plafo, da manyan kujerun da suka cinye salo, wato falo, har babu wurin shimfiɗa tabarma. Wannan ƙawa ce. Tsara cikin gida sana'a ce daban, kuma aikinta na fari tambaya ce, ba sayayya ba.

In ka je ofishin masu wannan aiki, kafin a yi maganar launin fenti za su so su ji yadda kuke rayuwa. Mutum nawa ke kwana a gidan? A ƙasa kuke cin tuwo ko a tebur? Baƙin maigida ta ina suke shiga, sai sun ratsa ta gaban mata? Ina ake alwala, ina buhunan hatsi suke zama? Daga nan sai su auna kowane ɗaki, su zana taswira, su nuna maka hoton yadda zai kasance a kwamfuta, su kawo lissafin kuɗi. In kun daidaita, su ne ke bin magini da kafinta da mai wayar kuran (lantarki) har aiki ya ƙare. Wasu da faɗin ɗaki suke yanke ladarsu, wasu kuma kaso suke ɗauka daga kuɗin aikin, ana kuma iya biyan zanen kaɗai.

A garinmu rabin aikin faɗa ne da yanayi. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, saboda haka babbar tagar gilashi mai kallon yamma tanda ce kawai, musamman ranar da aka ɗauke kuran. Kafet mai kauri yana da kyau a hoto, amma bari hunturu ya shigo da ƙurarsa ka ji tari. Karon daɓe (tayil) mai santsi kusa da wurin alwala kuwa, Allah ya kiyaye ƙugun tsofaffi.

Ni a ganina sunan ne sabo. Duk wanda ya zaga cikin Birni, ya dubi tsofaffin soraye da fadar Sarkin Damagaram, ya ga maginan da suka san wannan tun da daɗewa: bango mai kauri da ke riƙe sanyi, rufin azara, zaure mai tsare baƙo daga leƙen tsakar gida, sannan zane a fuskar bango ya zo daga ƙarshe. Jeren amarya ma ɗan'uwan wannan sana'a ne, sai dai gwaggonni kan yi shi ne domin idon ƴan ganin ɗaki, ba domin wadda za ta share ƙurar kwanukan kowace safiya ba.

Wani ƙanena a Sabon Gari ya ga hoton wasu kujeru a waya, ya sa aka kawo masa irinsu daga Kano ba tare da ya auna ƙofa ba. Sai da aka cire ƙyaure da katakonsa kafin babbar ta shiga. Da Inna ta zo gani, ta shafa su, ta sa albarka, sannan ta ce, "To ɗan nan, ni a ina zan miƙe ƙafa?" Har yau in ta zo, a baranda ake shimfiɗa mata tabarma.