Waiwaye: Yadda aka kai ga hana yara buga ƙwallo da ka

Tun a 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana yadda 'yan dambe da suka daɗe suna shan naushi ke fara tangaɗi da rawar jiki. Shekaru da dama ana ɗaukar lamarin na 'yan dambe ne kaɗai.

Shekarar 2002 ce ta sauya labari. A Ingila, Jeff Astle, tsohon ɗan wasan West Bromwich da ya yi suna wajen cin ƙwallo da ka, ya rasu yana da shekara 59 bayan fama da cutar mantuwa, kuma mai binciken musabbabin mutuwa ya ɗora laifin a kan sana'arsa. A shekarar dai, Bennet Omalu, likita ɗan asalin Najeriya, ya duba ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon ɗan ƙwallon zari-ruga ta Amurka, ya ga lalacewar da yawan bugun kai ke jawowa, wadda ake kira CTE. A 2019 binciken Jami'ar Glasgow ya nuna cewa tsofaffin 'yan ƙwallon Scotland sun ninka sauran jama'a kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan ƙwaƙwalwa.

Abin da ke faruwa shi ne, ƙwaƙwalwa tana cikin ruwa ne a ƙoƙon kai, duk bugu sai ta girgiza. Wuyan yaro bai yi ƙwarin da zai riƙe kan ba, ga kan ya yi wa jikin girma. Sau da yawa ma ba ƙwallon ce ke yin ɓarna ba, karo ne: yara biyu su yi tsalle tare, kai ya haɗu da kai ko da gwiwar hannu. Mafi muni shi ne a mayar da yaro fili yana jiri, ya sake buguwa kafin ta farko ta warke.

Amurka ta fara, bayan iyaye sun kai ƙara: a 2015 aka hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka, aka taƙaita wa 'yan 11 zuwa 13 a atisaye. Ingila ta hana 'yan firamare a atisaye a 2020, sannan daga kakar 2024 ta shigar da dokar cikin wasanni, an fara da 'yan ƙasa da shekara 7 zuwa 9. Wanda ya buga ƙwallo da ka da gangan, a ba abokan hamayya bugun tazara.

Masu suka na cewa yaron da bai koyi sa goshi da ɗaure wuya da wuri ba zai fi cutuwa in ya girma. Maganarsu ba ta rasa tushe ba, ga shi binciken Glasgow kan ƙwararru aka yi shi, ba kan yara ba, kuma CTE sai bayan mutuwa ake iya tabbatar da ita.