Kariyar Balin a wasannin lig na ces

Kariyar Balin wani salon buɗe wasa ne a ces, wato darar Turawa, kuma mai baƙaƙen ƴaƴa ne ke zaɓarsa. Reshe ne na sanannen salon buɗe wasa da ake kira Ruy Lopez. A rubutun motsin ces, inda ake kawo motsin fari sannan na baƙi, harafi da lamba kuma ke nuna gidan da ɗa ya sauka a allo, ana fara shi da 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bb5 Nf6. Sunan ya samo asali ne daga ƴan wasan birnin Balin na Jamus da suka yi nazarinsa a ƙarni na 19. Ya daɗe ba a damu da shi ba sai a 2000 da Vladimir Kramnik ya riƙe shi a Landan ya hana Garry Kasparov, zakaran duniya na lokacin, cin ko wasa ɗaya, ya ƙwace kambun duniya da maki 8.5 da 6.5.

Babban layinsa, wato jerin motsin da ya fi shahara a cikinsa, shi ne 4.O-O Nxe4 5.d4 Nd6 6.Bxc6 dxc6 7.dxe5 Nf5 8.Qxd8+ Kxd8. To ka ga tun a motsi na takwas sarauniyoyi sun bar allo, sarkin baƙi ya rasa damar yin motsi na musamman da sarki ke ɓuya da shi a lungun allo, ga sojojinsa biyu sun hau jerin gidajen c ɗaya bayan ɗaya, in ka kalla sai ka ce ai ya shiga uku amma ina, yana da bishof biyu kuma da wuya fari ya samu ƙofar shiga, duk da yana da sojoji huɗu a kan uku a ɓangaren sarki. Shi ya sa masu fari da yawa yanzu ke kauce wa layin ta hanyar buga 4.d3.

A wasan kulob ne amfaninsa ya fi fitowa. A Bundesliga ta ces, wato babbar gasar kulob-kulob ta Jamus, wadda aka mayar rukuni ɗaya a 1980, kowane kulob na zaunar da mutum takwas, huɗu da fari huɗu da baƙi, cin wasa maki ɗaya, canjaras rabi, kulob ɗin da ya haɗa 4.5 ya ci karawar. Don haka wanda aka ba baƙi a allo na sama, inda manyan ƴan wasa ke karawa, in ya riƙe canjaras ya yi wa ƴan'uwansa aiki, saura masu fari su nemo nasara. Wasu na cewa salon ba armashi, amma gaskiya akwai ilimi a cikinsa sosai, sarki da kansa ke fitowa fili ya yi faɗa, kuma kuskure ɗaya wajen tura soja na iya kayar da kulob gaba ɗaya bayan awa biyar ana zaune.