Waiwaye: Yadda mararraba ta daɗe tana cin masu keke

Shata wa keke hanya a miƙaƙƙen titi ba wuya. Wuyar tana mararraba, inda mota mai kwana dama ke ratsa gaban mai keken da zai miƙe. Hankalin direba na hagu, mai keke kuma yana damansa, inda madubi bai cika nunawa ba. In tirela ce, tayoyin baya sun fi na gaba shigewa cikin kwanar, su ne ke take mutum.

Amurka ta daɗe tana neman magani da fenti. Garin Davis na Kalifoniya ya shata hanyoyin keke a 1967, daga baya tsarin da ya bazu shi ne a saka layin keke tsakanin layin masu kwana da na masu miƙewa, motoci su tsallake shi kafin su isa mararraba. A takarda ba laifi. A kan kwalta kuwa, an bar mutum tsakanin motoci biyu masu gudu. Bayan manyan motoci masu kwana sun kashe masu keke biyu a Portland cikin Oktoban 2007, birnin ya zana koren akwati gaban layin tsayawa, don masu keke su jira a idon direba. Amfaninsa sai danja ta nuna ja. Wanda ya iso tana kore, akwatin bai tsinana masa komai ba.

Holan ta bi wata hanya. A 1971 hatsarin titi ya kashe mata mutum sama da 3,000, fiye da 400 yara ne. Zanga-zangar Stop de Kindermoord, wato "A daina kisan yara", da tsadar mai ta 1973 suka juya akalar hukuma. A tsarinsu ana kafa ɗan tsibirin kankare a kowace kusurwa, dole direba ya taka birki ya sha matsattsiyar kwana. Sannan a janye mashigar keke kimanin mita 5 daga bakin titi, tsawon mota guda. Kafin direba ya kai ta ya riga ya juyo, yana ganin mai keke ƙuru-ƙuru ta gilashi, kuma yana da wurin tsayawa bai tare na bayansa ba. Inda masu kwana suka yi yawa, danja ke raba wa motoci da kekuna lokaci.

A Amurka, sai a 2015 Davis da birnin Salt Lake City suka gina irin wannan mararraba. Inda aikin kan lalace shi ne a faɗaɗa kwanar saboda tirela, gudu ya dawo. Gyaransa ɗan tudu ne a bakin tsibirin, wanda tirela za ta hau a hankali amma mai ƙaramar mota zai kauce masa.