Gas daga shara: me zafin tanki ke ƙarawa?

Ta yaya shara ke zama gas?

Ana zuba kashin dabbobi, ragowar abinci ko lakar ruwan ƙazanta cikin tanki a rufe ruf, yadda iskar oksijin ba za ta shiga ba. Ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani ne ke aikin, hannu da hannu: wasu su farfasa sharar, wasu su mai da ita asid, na ƙarshe su ci asid ɗin su fitar da iskar metan. Metan ce mai kama wuta, kuma ita ce kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na gas ɗin. Yawancin sauran iskar kabon ce.

Wane zafi ake nufi?

Tankuna da yawa suna aiki a digiri 35 zuwa 40 na ma'aunin Selshiyus, su ne masu ɗumi. Masu zafin kuwa ana riƙe su wajen digiri 55, inda wasu ƙwayoyin daban, masu son zafi, ke karɓar aikin.

Mece ce ribar?

Sauri. Abin da zai kwashe kusan wata a tanki mai ɗumi yakan narke cikin mako biyu zuwa uku, don haka ƙaramin tanki ya isa. Zafin kuma yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki da irin ciyawa, sai ragowar ta fita taki mai tsabta.

To me ya hana kowa komawa can?

Nan fa ake yin ta. Masu fitar da metan a wannan zafi ba su da haƙuri. Zafin ya yi sama ko ƙasa da digiri ɗaya ko biyu, sai su ja baya. Masu yin asid kuwa ba ruwansu, suna ta yi, har tankin ya yi tsami gas ya ɗauke, kuma farfaɗo da shi kan ɗauki makonni. Ga amoniya, sinadarin nan mai warin fitsari da ke fitowa daga sharar, wadda illarta ga ƙwayoyin ke ƙaruwa da zafi, musamman idan kashin kaji ya yi yawa. Sannan ɗumama tankin kansa yana cin wani kaso na gas ɗin. A ganina, wanda ba shi da ma'aunin zafi mai kyau da mai lura kullum, gara ya tsaya a tanki mai ɗumi.

Ana ƙona gas ɗin yadda ya fito?

Don girki, eh. Don janareta sai an cire danshi da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, domin tana cin ƙarfen inji.