Dokar madobiya: wa ta hana, me kuma ta hana?

Magana na ta yawo a kasuwannin shanu da zaurukan WhatsApp cewa wai duk wanda aka gani da ganyen madobiya sai gidan yari, don "Turawa sun haramta itacen". Wannan gurguwar fahimta ce.

Abin da ake nufi shi ne yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, Nijeriya kuma na cikinta. Huruminta cinikin dabbobi da tsirrai ne tsakanin ƙasa da ƙasa. Tun Janairun 2017 madobiya ta shiga rukuni na biyu na yarjejeniyar, bayan 'yan katako sun yi wa dazuzzukan Afirka ta Yamma kaca-kaca suna loda gumagumai a kwantena zuwa ƙasar Sin, inda ake yin kujerun alfarma da su. A Taraba, inda 'yan kasuwa ke ce mata Madrid, kowa ya ga abin da ya faru.

Makiyayin da ya sassabo reshe don shanunsa da rani, mai magani da ya saso ɓawo, kafintan ƙauye da turminsa, babu ruwan CITES da su.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne rukuni na biyun nan. Ba haramci ba ne. A ƙa'ida ana iya fitar da itacen zuwa waje, amma da takardar izini, ita kuma ba a bayar da ita sai an cika sharuɗɗa biyu: a tabbatar ta halal aka saro shi, sannan masana su tabbatar fitarwar ba za ta ƙarar da irinsa ba. Na biyun ne mai wuya. Sai an shiga daji an ƙirga itatuwa, an auna kaurinsu, an duba ko ƙanana na tasowa ko kuwa wuta da akuya na cinye su. Madobiya ba ta saurin girma, kuma idan aka kwashe manya masu ba da iri, dajin na iya zama kore a ido alhali ba shi da magaji. Rashin wannan binciken ne ya sa a 2018 aka dakatar da cinikin madobiya daga Nijeriya, a shekarar da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin itatuwan da ke fuskantar ƙarewa. A 2022 dakatarwar ta haɗa da sauran ƙasashen yankin.

Batun hukunci fa? CITES ba ta da ɗan sanda, ba ta da kurkuku. Bulalarta ita ce a ce wa ƙasashe kada su karɓi kayanka. Kamu da tara na dokokin gida ne: dokar 1985 kan halittu masu fuskantar ƙarewa, wadda aka gyara a 2016, da kwastam a tashar jirgin ruwa.

Sai dai a kula, kada wani ya ɗauki gatari ya ce ni na ba shi fatawa. Dokokin daji na jihohi suna nan, kuma sara a cikin gandun ƙasa irin Gashaka Gumti laifi ne ko da reshe ɗaya ne. Idan malamin daji ya tare ka, tambaye shi wace doka ka karya, ta jiha ko ta gandu, ka kuma nemi rasit. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mai ɗaurin ganye a ka ya fi sauƙin kamawa a kan mai tirela goma da takardun da aka buga wa hatimi bayan kaya sun riga sun bar ƙasa.